Indararo

Kwana goma sha ɗaya da haihuwar Rumasa'u
kaina ya fara sara.
Na ce rashin barci ne.
Sallau ya ce rashin kunun kanwa ne,
ya zaga shagunan Burngreave cikin yayyafi,
ya dawo da fanadol da burodi.

Ba irin ciwon da na saba ba ne.
In na kwanta ya ƙaru.
In na sunkuya ɗaukar yarinya
sai in ji an kifa mini turmi a ƙeya.

Ranar Laraba ƙofar ɗaki ta zama biyu,
na tsaya ina zaɓen wadda zan bi.
Hannun dama ya saki kofi
bai yi shawara da ni ba.
Sauran a bakin Sallau na ji:
faɗuwa, karkarwa, cizon harshe,
da shuɗiyar fitilar motar asibiti
tana hawan tudun Sheffield.

Likitar, wata doguwa mai furfura, Hargreaves,
ta juyo mana hoton cikin kaina.
Ta ce jini yana hawa lafiya,
hanyar saukowarsa ce ta toshe:
gudan jini ya daskare a jijiyar bayan kunnen hagu.
Ta ce masu jego kan gamu da shi.
Sallau yana gyaɗa kai kamar ya gane.
Ni kuwa soron kakata na gani a Dambatta,
daminar da tsumma da sheƙar tsuntsu
suka toshe indararo,
ruwa ya kwana a kan rufi,
da asuba azara ta fara kuka.

Turanci ne ya fara tafiya,
ko sallama bai yi ba.
Hausa ta tsaya, amma ta rikice.
Na nuna cokali na ce makulli.
Na ce a miƙo mini jiya.
Aka ɗora mini 'yata a ƙirji,
na san nauyinta, na san ƙanshin wuyanta,
sunan ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.
Na kira ta Ruwa.
Sallau ya juya yana karanta takardar da ke bango.

Allura a ciki, safe da yamma,
har fatar ta rine kamar an tsoma ta a shuni.
Waya ta cika da muryoyin gida:
Inna ta ce na raina wankan jego,
Gwaggo Delu ta ce baki ne,
kawu ya aiko da addu'a mai tsawon minti tara.
Addu'ar na riƙe.
Maƙwabciyata Hodan ta zo da shayi mai citta,
ta goya yarinyar da gyalenta, ba ta tambaye ni komai ba.

Dare na tara, wajen ƙarfe uku,
nas ɗan Filifin yana gwada mini jini,
sai ga shi, ba neman sa nake ba.
Rumasa'u.
Na faɗa da ƙarfi har tsohuwar gadon kusa ta farka.
Na sake faɗa.
Nas ɗin ya ɗauka ruwa nake so.

Yanzu wata huɗu.
Kowace Talata a soki yatsa a duba kaurin jini.
An hana ni tuƙi tukuna.
Wasu kalmomin har yau suna makara,
sai magana ta wuce su iso suna haki.
Ko ɗan ciwon kai ya zo
nakan tsaya cak, in ƙirga ƙofofi.

Daren jiya an kwana ana ruwa.
Na zauna kusa da taga da ita a kafaɗa
ina jin sa yana gangarowa ta baƙin bututun bango,
yana sauka, yana sauka.
Da safe na ce wa Sallau ya ari tsani
ya kwashe ganyen da ke sama.
Ya ce aikin mai gida ne, haya muke.
Na ce ya ari tsanin.